Tseren Kwalekwale A Olamfik: Muna Da Ruwa, Muna Da Matuƙa, Shiri Ne Babu

A gasar Olamfik da aka yi a Landan cikin 2012, 'yan Afirka biyu sun bar abin tunawa a tafki ɗaya, wato Eton Dorney, inda aka gudanar da tseren kwalekwale. Na farkonsu maƙwabcinmu ne, Hamadou Djibo Issaka daga Jamhuriyar Nijar, mai aikin lambu a Yamai, ɗan shekara 35. Wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙa irin jirgin da ake gasar da shi, kuma gurbin alfarma aka ba ƙasarsa, irin wanda ake ware wa ƙasashen da wasan bai kafu a cikinsu ba. A ɗaya daga cikin zagayen da ya shiga, sai da ya kwashe minti 8 da daƙiƙa 39 kafin ya cinye mita 2,000, alhali Mahé Drysdale na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya ɗauki zinaren wannan rukuni, bai cika minti 7 ba a tseren ƙarshe. Dubban 'yan kallo sun miƙe suna yi wa Issaka tafi har ya iso, jaridun Ingila kuwa suka yi ta laƙaba masa sunaye, wasu na yabo, wasu na zolaya.

Na biyun shi ne Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu. Shi da abokan tuƙinsa uku sun shige gaban Birtaniya da Denmark da ratar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba, suka ɗauki zinare, ya zama baƙar fata na farko daga wannan nahiya da ya yi hakan a tseren kwalekwalen Olamfik. Tun yana makarantar sakandare a Johannesburg aka sa shi cikin jirgi, ya shafe fiye da shekara goma yana horo kafin wannan rana ta zo.

Ban ɗauki Issaka abin dariya ba, domin namiji ne ke shiga fage alhali ya san an fi shi shiri, ya kuma daure har ƙarshe. Abin da ya raba shi da Ndlovu shi ne makaranta da mai horarwa da jirgi da shekarun da aka zuba. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake son mai karatu ya duba tare da ni shi ne cewa mu a Arewa maso Yamma muna da ruwan da za a yi wannan wasa a kai, muna da mutanen da suka gaji tuƙi kaka da kakanni, kuma rashin mayar da hankalinmu ga harkar ruwa yana jawo mana asarar da ta fi ta lambar yabo nauyi, wato asarar rayuka.

Bari in fara da bayanin wasan, tunda da yawa daga cikinmu ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa muka sani. Tseren jiragen da ake tuƙawa da hannu iri biyu ne a Olamfik. A iri na farko, matuƙi yana zaune ya juya wa inda zai nufa baya, filafilansa dogaye suna maƙale a gefen jirgi, kujerarsa kuma tana zamewa gaba da baya a kan 'yan ƙananan tayoyi. Saboda haka yawancin ƙarfin daga ƙafafu da gadon baya yake fitowa, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Akwai jirgin mutum ɗaya, da na biyu, da na huɗu, da na takwas wanda ake ƙara masa mutum na tara mai riƙe da akala yana ba da umarni. Jirgin mutum ɗaya ya kai kimanin mita 8 a tsawo, siriri ne ƙwarai, kuma doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 14. Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, wadda aka sani da FISA, a 1892 aka kafa ta, ta girmi Olamfik ɗin zamani kansa. An shirya yin tseren a Atina cikin 1896, iska da igiyar ruwa suka hana, sai a Paris cikin 1900 aka fara. Mata kuwa sai a Montreal cikin 1976 aka buɗe musu ƙofa.

Iri na biyu shi ne ya fi kusa da abin da muka sani. Matuƙi yana fuskantar gaba, filafilinsa a hannunsa yake ba a maƙale ba, a wani rukunin ma durƙusawa yake yi a kan gwiwa ɗaya yana sara ruwa ta gefe guda. Ana yin sa a nisan mita 200 da 500 da 1,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbi ya ga yadda ɗan fito ke sarrafa jirgi cike da mutane da buhuna da babura a cikin ruwa mai gudu, ya san cewa wannan ƙwarewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Tarihin Najeriya a wannan fage gajere ne, kuma akwai darasi a cikinsa. Wadda ta fara wakiltar ƙasar a tseren iri na farko ita ce Chierika Ukogu, a Rio cikin 2016. A Amurka aka haife ta, a Jami'ar Stanford ta goge a tuƙi, ta jinkirta karatun likitanci domin gasar, sannan sai da ta nemi gudummawar jama'a ta intanet kafin ta iya ɗaukar ɗawainiyar shirinta. Esther Toko ta biyo baya a gasar Tokyo da aka yi a 2021, ita kuwa a gida aka horar da ita. A iri na biyu, Ayomide Bello ta ci zinare a Wasannin Afirka da aka yi a Maroko cikin 2019, ta je Tokyo, ta sake zuwa Paris a 2024. A waccan gasa ta Paris Najeriya ta tura 'yan wasa fiye da 80, suka dawo ko tagulla babu, kamar yadda aka yi a Landan shekara 12 kafin nan. A cikin waɗannan sunaye da na lissafa babu ɗan Argungu, babu ɗan Yawuri, babu ɗan Gummi, babu ɗan Maradun.

Wannan abin mamaki ne ga wanda ya san tarihin yankinmu. Sonni Ali na daular Songhai da rundunar jiragen ruwa ya mamaye Kogin Kwara a ƙarni na 15, matuƙanta kuwa Sorko ne, waɗanda sunansu ke da dangantaka da na Sarkawan da muka sani. Tarihin baka na Kabi yana ba da labarin jirgin Kanta, wanda aka ce an lulluɓe shi da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi a fadamun da ke kewaye da Surame. Har gobe akwai sarautar Sarkin Ruwa a garuruwanmu na bakin gulbi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana da ɓangaren da ake kira Kabanci. A nan ake tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Yawuri ma tana da bikinta na Rigata. Ke nan kowane biki sai an fitar da gwanin tuƙi, a ba shi kyauta, a yi masa kirari, ya koma gida ya ci gaba da su ko fito. Babu wanda ke riƙe da agogo ya rubuta daƙiƙoƙin da ya yi, babu mai ɗaukar sunansa ya gayyace shi sansanin horo. Gwanintar tana ƙarewa a ranar da aka watse daga biki.

Wani zai ce Kabi da Yawuri ke nan, ina ruwan Zamfara, ƙasar noma da fako? Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ta gefen Gusau ya bi, ya ratsa ƙasar Bunguɗu, ya je ya taru a madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978. Wannan madatsa tana iya riƙe ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin murabba'i mai zurfi, shimfiɗarta ta kai kadada dubu takwas, tsawonta ya doshi kilomita 19. Filin tseren Olamfik kilomita 2 ne kacal. Tafkin Eton Dorney da aka yi gasar Landan a kansa haƙa shi aka yi da kuɗi, mu kuwa namu yana nan kwance shekara fiye da arba'in, manoman da aka tasa daga gonakinsu domin gina shi sun riga sun biya farashinsa da dukiya da jini. Ga kuma madatsar Gusau da ke shayar da babban birnin jiha, wadda ta isa a koya wa yara iyo da tuƙin farko a gefenta idan an keɓe wuri an tsare shi.

Mu da muka tashi a ƙasar Wonaka mun san ruwa ta wata fuska dabam. Da rani rafukanmu yashi ne, ana haƙa a ɗebi na sha. Da zarar damina ta kankama, Agusta ta shigo, sai su cika su batse, su yanke hanyar gona da ta kasuwa da ta asibiti. A lokacin ne za ka ga magidanta sun ɗaure kaya a ka suna ratsa ruwa iya ƙirji, mata suna jira a gaɓa har ruwan ya janye. Tarbiyyar da aka yi mana game da ruwa kalma ɗaya ce: kada ka je. Yaron da aka kama ya dawo da jajayen idanu da farar fata daga kududdufi, bulala ce rabonsa. Iyaye suna yin haka ne don ƙauna, amma sakamakonsa shi ne wasu yaran su koyi iyo a ɓoye ba tare da babba a kusa ba, wasu kuma, musamman 'ya'ya mata, su girma ba su taɓa koyo ba. Ranar da larura ta tilasta musu hawa jirgi ko ratsa rafi, babu abin da suka riƙa sai addu'a.

Abin da wannan ke haifarwa a rubuce yake cikin labaranmu na kowace shekara. A watan Mayun 2021, jirgi ɗauke da fasinja fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A Afrilun 2022 aka sake yin irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, nan ma yara da mata ne suka fi yawa. A Satumban 2024 abin ya zo gida: manoma a Gummi sun hau jirgi da safe za su gonakinsu na ƙetare, jirgin ya kife, rahotanni suka ce fiye da 40 ba su dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Mun yi imani da ƙaddara, amma lodin da ya wuce kima, da jirgin katako da ya ruɓe, da fasinjan da bai iya iyo ba kuma ba ya sanye da rigar kariya, duk ayyukan hannunmu ne.

A nan ne wasan da ake gani kamar na masu hutu yake haɗuwa da rayuwar talaka. A ƙasashen da tseren kwalekwale ya kafu, ƙa'ida ce sananniya a kulob-kulob cewa ba a barin yaro ya fita da jirgi sai an tabbatar ya iya iyo, an kuma koya masa abin da zai yi idan jirgin ya kife: ya riƙe jirgin, kada ya rabu da shi, ya san yadda ake juya shi. Ana duba lafiyar jirgi kafin a sa shi a ruwa, ana duba yanayin iska, ana ajiye jirgin ceto mai inji a kusa. Duk garin da aka kafa irin wannan kulob, an samar masa da matasa masu iya ceto, da masu gyaran jirgi, da mutanen da sanya rigar kariya ya zame musu jiki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe da hana tafiyar dare da hawa jirgi ba rigar kariya, amma jami'anta ba za su iya tsayuwa a kowace mashaya ba. Dokar da ba ta shiga al'adar mutane ba a takarda take kwana. Saurayin da ya ga gwanin garinsu, wanda ake yi wa kirari, yana ɗaura rigar kariya kafin ya taka jirgi, zai fi saurin koyi da shi a kan sanarwar rediyo. Ko a tarihin Musulunci, sananniyar wasiyya ce da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mun riƙe doki don hawan Sallah, iyon muka bari.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu daga Tsafe ko Bunguɗu ko Mada. Zai ce: Malam, mu da ba mu iya zuwa gona sai an biya 'yan bindiga, mu da ake kwashe mana mutane a kan hanya, wa ke da sukunin zancen tseren jirgi? Wannan magana gaskiya ce, kuma tsaro ne kan gaba da komai. Ba na kira a ɗebi yara a kai su gaɓar da ba a tsare ba. Sai dai akwai abu biyu. Na ɗaya, rashin tsaron kansa yana ƙara tura mutane kan ruwa, domin inda hanyar mota ta zama tarko, jirgi ake bi, wani lokaci da dare, wani lokaci a guje, jirgin mutum ashirin ya ɗauki hamsin. Saboda haka buƙatar iya ruwa yanzu ta fi ta lokacin zaman lafiya. Na biyu, matashin da ba shi da makaranta, ba shi da sana'a, ba shi da fagen da zai nuna bajinta a yaba masa, shi ne wanda daji ke kira. Wasa shi kaɗai ba zai kashe wannan wuta ba, amma kowace ƙofar halal da aka buɗe wa saurayi mai ƙarfi a jika ragi ce ga masu ɗaukar mayaƙa.

Akwai wasu matsalolin da ya kamata a faɗe su. Jirgin gasa na zamani, wanda ake ƙerawa da zaren kabon, tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Amma ba da shi ake farawa ba. Jirgin katako na gida da na roba sun isa a koyar da tuƙi a kuma tantance masu baiwa, sannan akwai na'urar tuƙi ta cikin ɗaki, wadda ke auna ƙarfin mutum da numfashinsa ko da babu ɗigon ruwa a garin. Da ita manyan ƙasashe ke zaƙulo dogayen matasa masu juriya daga makarantu. Akwai kuma cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke yaɗuwa a ruwan madatsu. Maganinta sananne ne, ana ma raba shi a makarantu, don haka duk shirin da za a yi dole ne ma'aikatar lafiya ta kasance a ciki. Batun 'ya'ya mata kuwa, babu wanda ya ce a tuɓe su a bainar jama'a. A keɓe musu wuri da lokaci, a horar da mata masu koyarwa, a yi shigar da ta dace da addininmu. Idan har su ne suka fi mutuwa a haɗarin jirgi, hana su koyon iyo ba kare mutuncinsu ba ne.

Shawarata ga gwamnatin Zamfara da maƙwabtanta ba ta buƙatar biliyoyi. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, dukansu a kusa da Bakolori. A haɗa su da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsar ke hannunta, a kafa kulob guda ɗaya na gwaji. Sashen koyar da ƙere-ƙere ya ɗauki aikin gyara da ƙera jiragen koyo. A nemi Sarakunan Ruwa da masunta da 'yan fito su zama malaman farko, a biya su, domin sun fi kowa sanin inda ruwa ke da zurfi da inda yake juyawa. A gayyaci ƙungiyar ƙasa mai kula da wasannin kwalekwale, wadda ta saba shirya gasa a tafkin Jabi na Abuja, ta turo masu horarwa da alƙalai zuwa Argungu da Yawuri a lokacin bukukuwansu, su zo da agogo da littafi, su ɗauki goman farko na kowane tsere. A Gusau kuma, a sa koyon iyo cikin darasin motsa jiki na makarantun kwana, a fara da ɗaliban da suka fito daga garuruwan bakin gulbi. Masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin kofin ƙwallo a kowace unguwa, ɗaya daga cikinsu ya sa kofin tuƙi, sharaɗin shiga ya zama iya iyo da sanya rigar kariya.

Duniyar wasan ma tana matsowa kusa da mu. An tsara yin Olamfik ɗin matasa a Dakar ta ƙasar Senegal cikin 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik za ta sauka a Afirka. A gasar Los Angeles ta 2028 an shigar da sabon rukuni na gajeren tsere a bakin teku, wanda jiragensa suka fi faɗi da ƙwari, an kuma yi shi ne da niyyar jawo ƙasashen da ba su da tafkunan gasa na musamman. Ba na yi wa kowa alkawarin cewa ɗan Zamfara zai tsaya a kan dandamalin karɓar zinare a 2028. Ndlovu ma sai da ya haura shekara goma. Amma yaron da aka sa a jirgi a Bakolori bana yana ɗan shekara 14, zai kai ganiyar ƙarfinsa a gasar Brisbane ta 2032 ko wadda za ta biyo bayanta. Idan bai kai can ba, zai kasance cikin waɗanda za su faɗa ruwa su tsamo mutane ranar da jirgi ya kife a garinsu, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce.

Kowace damina muna aika saƙon ta'aziyya, a raba shinkafa da atamfa ga iyalan mamata, a kafa kwamiti, ruwa ya janye, a manta. Kuɗin da ake kashewa a zaman makoki guda ya isa ya sayi rigunan kariya da jiragen koyo na kulob ɗin farko. Ina roƙon 'yan majalisarmu na jiha, musamman masu wakiltar Gummi da Bukkuyum da Maradun da Bakura da Talata Mafara, su kawo wannan magana zauren majalisa kafin ruwan sama ya sake sauka. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu, amin.